ZAUREN GWAGGO: Shekara uku ina aikin sa kai a asibiti, in ci gaba ko in koma ɗaki?

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙo uku na ware don duk abu guda suke zagayawa kamar an haɗa baki. Kamar kullum na cire sunaye da sunan gari, ƙasar kawai na bari.

TAMBAYA TA FARKO

Gwaggo ina wuni, ya ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ni dai shekarata 27, ina da aure da yara biyu, muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Na yi karatun lafiya na gama CHEW, wato kwas ɗin ma'aikatan lafiya na al'umma, a 2021 kuma lasisina na hannuna, to tun lokacin nake zuwa ƙaramin asibitin garin da ke gaba da mu a matsayin bolantiya, Litinin zuwa Juma'a, ni ce awon masu ciki ni ce rigakafin yara ni ce cike rajista, wani lokacin har cikin dare a buga mana ƙofa wai wance na naƙuda in tashi in bi su, amma wallahi Gwaggo ko ficika ba a ba ni sai dai in an zo zagayen foliyo ko rabon gidan sauro a sa sunana in samu ɗan alawus na 'yan kwanaki. Kuɗin mashin zuwa da dawowa N1,000 ne kullum kuma maigida ke bayarwa, shi manomi ne yana ɗan taɓa saye da sayar da hatsi a kasuwar Gujungu ran Lahadi. Da baya magana, yanzu ya fara cewa shi fa bai ga ranar aikin nan ba. Inna kuwa, wato mahaifiyarsa, ita nake bar wa yaran, kullum maganarta mace da ɗakinta aka santa. Incajinmu kuma ya ce in ƙara haƙuri sunana ne a sama a lis, amma sau biyu ana ɗaukar ma'aikata ban samu ba. Yanzu wani mai kyamis a can garin ya ce in zo in riƙa tsare masa shago Litinin zuwa Asabar zai ba ni N25,000 a wata. Don Allah wanne zan yi, in ci gaba da bolantiya, in karɓi na kyamis, ko in haƙura in zauna a gida? Kaina ya kulle.

Daga 'yarki a ƙasar Ringim

AMSA

'Yata, kafin komai ɗauko biro mu yi lissafi, don na lura duk tsawon saƙonki babu inda kika tara kuɗin nan waje ɗaya. Dubu ɗaya sau kwana 20, N20,000 kenan a wata, a shekara N240,000. Na sani da can bai kai haka ba, kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ɗan acaɓa bai isa ya ce miki ɗari biyar a wannan tafiyar ba, amma yanzu dai haka abin yake. To kinga ba kyauta kike aiki ba, biya kike yi a barki ki yi aiki, kuma ba ma daga lalitarki ba, daga buhun geron bawan Allahn nan. Ni kam ban ga laifinsa ba. Mijin da zai shekara uku yana miƙo kuɗin mashin kullum safiya bai ce uffan ba, irinsa sai an tona, ki riƙe shi da kyau.

Abu biyu muka haɗa muka ba su suna ɗaya, akwai sa kai akwai zaman jiran ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Sa kai na gaskiya na ganshi da idona, matan nan da suka riƙa bi gida gida a ƙauyukan Kano da Jigawa lokacin yaƙi da shan inna, bayan an dakatar da rigakafin a Kano daga 2003 zuwa 2004 mutane duk sun tsorata da ɗigon, su ne suke zuwa gidan suna su zauna da mai jego su lallashe ta, a zage su a sakar musu baƙar magana gobe su koma. Yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a jihar Kano a Sumaila ne cikin 2014, a watan Agustan 2020 kuma aka ce duk Afirka ta rabu da ita. Da hannun waɗannan matan a ciki dumu dumu. Amma ko su ɗin a unguwarsu suke aikin da ƙafa, sun san iyakar abin da aka ɗora musu, kuma ana ba su ɗan alawus. Ke kuwa aikin cikakkiyar ma'aikaciya kike yi kwana biyar a sati har da na dare, kujerar da in da mai albashi ce a kai, ko mafi ƙarancin albashi ne N70,000 ne tun dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024, balle mai takarda irin taki da za ta wuce nan. Kura da shan bugu kenan gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan ma ba a san gardin ba.

Kuma bari in faɗa miki abin da ba a so a faɗa. Muddin asibiti na tafiya daidai da hannun 'yan kyauta, ana awo ana rigakafi rajista na cika ana aika rahoto ƙarshen wata, to wanda ke sama ba zai taɓa jin akwai giɓi ba, a takarda komai lafiya lau. Ga makarantun lafiya, ta Jahun, ta Bebeji, ga masu zaman kansu da suka yi yawa yanzu, kowace shekara suna yaye ɗalibai, gurbin aiki kuwa bai taka kara ya karya ba, in kin tafi gobe wata za ta zo ta tsaya inda kika tsaya da irin fatan da kika zo da shi. Incajinki watakila da zuciya ɗaya yake miki magana, amma lis ɗin da ke aljihun teburinsa ba shi ne ake ɗaukar aiki da shi ba. Ɗaukar aiki daga sama yake saukowa, a amince da adadi, a sa sanarwa, a cike fom a yi tantancewa. Shi iyakarsa ya rubuta miki takardar shaida, kuma ita ce nake so ki nema wannan satin, mai kwanan wata da sa hannu da hatimi, a rubuta tun yaushe kike zuwa da ayyukan da kike yi. Shekara uku ba takarda, ranar tantancewa da ke da wadda ta kwana a gida duk ɗaya ne.

To sai na kyamis. Da jin N25,000 zuciya za ta ce da babu gara ba daɗi, amma koma kan biron nan. A garin da asibitin yake ne, kwana shida a sati, wajen kwana 26 a wata, kuɗin mashin N26,000. Me ya rage? Bashin dubu ɗaya. Sunan kina da albashi ne kawai za ki samu. In zai ɗauki kuɗin mashin daban a kan albashin to a zauna a yi magana, in ba haka ba ki ba shi haƙuri. Sannan ki sani ba don ki miƙa farasitamol yake nemanki ba, yaro ma zai iya, takardarki yake so, a fara turo miki masu allura da ƙarin ruwa a ɗakin bayan shago, alhali lasisin kyamis na sayar da ƙananan magunguna ne ba na kwantar da mara lafiya ba. Ranar da aka samu akasi, Allah ya kiyaye, ba sunan mai shago za a kira ba, matar wane za a ce.

Maganar Inna ita na fi so mu daɗe a kai. Kar ki ɗauke ta abokiyar gaba. Kin manta ne, a gidan nan ba ke kaɗai ce bolantiya ba, tsohuwar da ke goyon ɗanki tana wanke kashin ƙaramin tana ba babban abinci daga safe har la'asar shekara uku, wa ya taɓa ba ta alawus, wa ya ma tambaye ta ko ta yarda? In ta ce mace da ɗakinta aka santa, wani ɓangaren maganar bayanta ne ke ciwo.

Amma wata rana in kun zauna tana cikin nishaɗi ki tambaye ta, Inna da kina kamar ni wace sana'a kike yi? Na rantse ba za ta ce miki babu ba. Ni mahaifiyata Allah ya jiƙanta a kulle ta yi rayuwarta a wani ƙauye ta wajen Dambatta, ko ƙofar zaure ba ta leƙawa da rana, amma man gyaɗa take matsa tana ƙuli, tana da awaki, tana adashi da matan unguwa, duk kwalla da langa da gadon da aka kai mu ɗaki da su mu huɗu ba sisin mahaifinmu a ciki, har rance yake karɓa a wajenta lokacin shuka ya biya da kaka. Zaman gida a ƙauyen Hausa bai taɓa zama naɗe hannu ba, wannan na kwanciya da waya a hannu ana jiran a kawo sabon abu ne. Daddawa, fura, ɗan wake, awara, ɗinkin hula, saƙar faifai, turara shinkafa a ƙasar Kura, ɓarar gyaɗa, duk daga bayan katanga suke fitowa. Sai dai shi ma yana da farashinsa kuma ni na biya, don mai kulle ba ta da ƙafa sai ta 'yarta, ni ce nake ɗaukar farantin ƙulin in zaga gari, ba don UPE, shirin nan na gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976 mai gari ya bi gida gida ana rubuta yara ba da ban san ƙofar aji ba, yayata da ta girme ni da shekara uku ba ta samu ba har yau suna kawai take iya rubutawa. Don haka in za ki yi sana'ar gida ki zaɓi wadda ba sai an ɗora wa yarinya talla ba.

In da ni ce ke ga abin da zan yi. Ba zan bar asibitin gaba ɗaya ba, don hannu yana mantuwa, kuma matan nan sun saba da ke, wata ba don ke ba ba za ta je awo ba, ladan wannan yana wajen Allah. Tun zamanin Annabi (SAW) Rufaida tana da tanti a masallaci tana jinyar waɗanda suka ji rauni, ba baƙon abu ba ne. Amma in koma kwana biyu, ranar awo da ranar rigakafi, kuɗin mashin ya sauko N8,000. Ragowar N12,000 ki zauna da maigida da lissafin a takarda, ki roƙe shi ya ci gaba da ba ki ko da rabi ne na wata shida a matsayin jari, ki ɗaure tunkiya ko akuya, ko tun da shi ɗan kasuwar hatsi ne ya riƙa sayo miki waken suya ko gyaɗa da kaka ki ajiye. Duk ɗaukar aikin da aka sanar ki cike, har irin na wucin gadi su J-Health, shirin gwamnatin Jigawa na ma'aikatan lafiya, kar ki raina, malaman J-Teach, takwaransa na malaman makaranta, ma da alawus suka fara daga baya da yawansu aka mayar da su na dindindin. Lasisinki kar ki bari ya mutu. Ki sa wa kanki wa'adi ki faɗa wa maigida da bakinki, daga nan zuwa kaka mai zuwa in ba labari za mu sake zama. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki ofa ki ce Allah ya ba da sa'a. Kuɗin farko da ya shigo hannunki kuwa, ko na foliyo ne, ki sai wa Inna goro da sabulu.

TAMBAYA TA BIYU

Gwaggo barka da aiki. Ni magidanci ne daga ƙasar Bunkure, noman rani nake yi shinkafa da tumatir. Matata tana da NCE, bara Allah ya sa ta samu koyarwa a firamare kuma da yardata ta fara. Matsalar ita ce har yau ban san nawa take ɗauka ba, sai dai in ga sabuwar atamfa, ta aika wa iyayenta, ta shiga adashi, ni kuwa komai na gida ni ne har ashana, ga abincin rana ba ya sauka sai wajen ƙarfe uku in na dawo daga gona sai dai in dama fura. Abokaina a majalisa sun ce ko dai in karɓe katin ATM ɗin ko ta ajiye aikin. Mene ne shawara?

Daga ɗanki a ƙasar Bunkure

AMSA

Ɗana, waɗannan 'yan majalisar in gidanka ya kama da wuta shayi za su ci gaba da sha. Ka je ka tambayi limaminku ka ji, ci da sha da sutura da wurin kwana a kanka suke ko da matarka ta fi ka kuɗi, abin da ta samu da guminta kuma nata ne, Suratun Nisa'i aya ta 32 ta faɗa, maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira mata ma suna da nasu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da ta aika aka tambayi Annabi (SAW) a kan ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, cewa aka yi tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ka ji kalmar, sadaka, ba haraji ba. Karɓe kati kuwa ko ta miƙo maka da hannu biyu to zuciyarta ba ta miƙo ba, kuma daga ranar duk alat ɗin da ya shigo wayarta sai ta ji haushinka.

Amma ba zan ce ba ka da magana ba, kana da ita. Awannin da take yi a makaranta daga lokacin gida aka yanke su, mutum ya wuni cikin ruwa da taɓo a fadama ya dawo tukunya ba ta ma hau wuta ba, da ciwo. Wannan shi ne abin da za ka ɗora a tabarma, ba nawa kike ɗauka ba. Ka ce mata wance aikinki ya buɗe rami a gidan nan yaya za mu cike shi? Ko ta dafa da asuba ta zuba maka a kula, ko ta ɗauki nauyin gas ko gawayi don girki ya yi sauri, ko kuɗin niƙa da na ɗan garuwa, yarjejeniya ce tsakaninku ba laifi in da yardarta. Ɓoye maka adadin da take yi, a sanina tsoro ne yake sa mata haka, sun ga yadda aka yi wa wasu. Kuma ba wani tulin kuɗi ba ne, mafi ƙarancin albashi a Kano N71,000 ne, sabuwar malama ba ta yi masa nisa sosai ba, a cire na fansho, ta zuba adashi, saura nawa.

Batun ta ajiye aiki, kai manomin tumatir ne ba sai na tuna maka 2016 ba da tsutsar nan sharon ta cinye gonakin Kadawa da kewaye cikin 'yan kwanaki. Albashi ƙarami ne amma bai san tsutsa ba bai san ambaliya ba. Sannan shekara 35 na yi da alli a hannu, na ga yadda iyaye suke barin 'ya'yansu mata su kai aji shida in akwai malama mace a makarantar, in babu daga aji huɗu sai ka ga benci ya fara zama wayam.

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo ni a ƙasar Gumel nake, sakandare na gama aka yi min aure, maigida ba ya son aikin fita kuma ni ma gaskiya hankalina a kwance yake. Shekara biyar kenan ina koya wa matan aure karatun Alƙur'ani da ɗan boko bayan isha'i a tsakar gidanmu, mun kai mu ashirin, ba na karɓar komai. Amma a guruf ɗinmu na 'yan makaranta na WhatsApp masu aiki sai su riƙa cewa su wance an zama matan gida ba a komai, abin yana sosa min rai. Kuma ɗalibaina sun ce za su riƙa haɗa min ɗan wani abu duk sati na ƙi, ina tsoron ladana ya zube.

Daga ƙanwarki a ƙasar Gumel

AMSA

Ƙanwata, naki shi ne sa kan da nake faɗa wa ta farko, ke kika zaɓa, ke kika sa lokaci, ba kuɗin mashin, ba kya jiran kowa ya sa sunanki a lis. Kuma tsohuwar hanya kika hau. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, haka ta tsara ƙungiyar mata ta 'yan taru, ta naɗa musu jagorori da ake kira jajis ta ba su malfa suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da matan da ba sa iya fita. FOMWAN, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, da aka kafa a Minna a 1985 ma da irin wannan aikin na mata 'yan sa kai ta tsaya da ƙafarta. Guruf kuwa ki sa shi a shiru, rabin masu maganar kafin ashirin ga wata sun ci bashin kati.

Kuɗin da suka ce za su haɗa ki karɓa. Kuɗin Laraba ba yau aka fara ba a makarantun allo, kuma hadisi ne a Bukhari cewa mafi cancantar abin da za ku karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah, malamanmu na Malikiyya a kan halacci suke. In zuciyarki ba ta natsu ki ci ba, ki sayi fitilar sola da tabarmi da alli, don na san da tocilan ɗin waya kuke karatun nan.

Abu ɗaya ne ban ji a saƙonki ba, me kike da shi naki na kanki? Ba fata nake ba, Allah ya ja da ran maigida, amma na zauna da mata masu takaba da yawa, wata huɗu da kwana goma na cika sai a raba gado, mace mai 'ya'ya tumuni ne rabonta, ɗaya cikin takwas, in ku biyu ne ko uku a cikinsa za ku raba. Ƙasarku ƙasar zoɓo ce da riɗi, ga kasuwar Maigatari ran Alhamis a kusa da ku, ki ba ƙaninki ko maigidan da kansa ya sayo miki 'yar akuya ko biyu ki ɗaure a bayan ɗaki, dusa da ƙaiƙayin gida sun ishe su. Ki rubuto min bayan Sallah in ji ko an sayi fitilar.